Zuwa ga mutumina na Garwa, a kan faɗuwar Joshua

Kano,
29 ga Satumba, 2024

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya damina, ya kasuwa? Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Baba yana gaishe ka, ya ce in tuna maka alkawarin da ka yi masa da Sallah, kai ka san wanne.

Tun daren da Anthony Joshua ya kwantar da Francis Ngannou, ɗan Kamaru, a damben boksin a Riyad ka yi ɗif, wata shida da 'yan kai ban ji ɗuriyarka ba. Sai ga saƙonka ranar Lahadin da ta wuce da asuba, ko sallama babu, wai ƙaton banza ya faɗi, wai dama can Joshua ba shi da haɓa, jiki ne kawai. Halin Bazazzagi ba ya ɓuya, ko ya shekara goma a Kamaru. Ka kuma tambaye ni ko Fury zai rama a kan Usyk a watan Disamba. Bari mu fara gamawa da zancen Joshua, don maganarka ta tsaya mini a rai mako guda cur.

Ban musa an doke shi ba. Dubois ya yi masa duka sosai, sau huɗu yana kai shi ƙasa cikin turmi biyar, gaban mutum dubu 96 a Wembley. Dalilin da ka kawo ne ban yarda da shi ba. Mai raunin haɓa shi ne wanda ake taɓawa sau ɗaya ya miƙe, a ƙirga masa goma bai san inda yake ba. Joshua kuwa, a watan Afrilun 2017 Klitschko ya sauke masa dama miƙaƙƙiya a turmi na shida, hannun da ya gama da mutum 53, ya faɗi, ya tashi, ya ci wasan a turmi na goma sha ɗaya. Ruiz ya kayar da shi sau huɗu a 2019, duk huɗun ya miƙe da ƙafarsa, alƙali ne ya raba. Cikin wasa 32 da ya yi na kuɗi, daren Dubois ne karo na farko da aka ƙirga masa goma yana ƙasa, kuma sai a faɗuwa ta huɗu. Wanda haɓarsa ƙwai ce ba ya kai nan.

Ciwon Joshua yana tashi ne a daidai lokacin da shi ya ji wa abokin karawarsa ciwo. Ka duba duk wasannin da ya sha wuya, za ka ga abu ɗaya yana dawowa.

Ka buɗe bidiyon Ruiz na farko, na 1 ga Yunin 2019 a New York, ka rage saurinsa a turmi na uku. Joshua ya taso da dama daga ƙasa, ya bi da hagu mai lanƙwasa kamar lauje, Ruiz ya zauna daɓas. Har nan babu kuskure. Ruiz ya tashi idonsa tar, ƙafarsa ba ta rawa, amma Joshua bai tsaya ya karanta wannan ba. Ya taka ya shiga, ya kai dama mai kyau, Ruiz ya shanye ta, sai ga su ƙirji da ƙirji. To ka lissafa: in Joshua ya buɗe hannuwansa biyu, tsawonsu santimita 208 ne, na Ruiz 188. Tazarar santimita ashirin ɗin nan ita ce garkuwarsa, shi da kansa ya yar da ita. A kusa kuwa gajeren hannu mai sauri shi ke riga isa. Hagun Ruiz ta same shi a gefen kai, wajen kunne, kuma dukan wurin nan ya bambanta da na haɓa: ba lalle ya sumar da mutum ba, daidaiton tsayuwarsa yake ɗaukewa. Hutun minti ɗaya tsakanin turmi ba ya dawo da shi. Daga nan har zuwa turmi na bakwai Joshua a kan ƙafafun aro yake.

Yanzu ka dawo kan Dubois, turmi na biyar. An riga an kayar da shi sau uku, amma sai ga damarsa ta shiga tsaf, Dubois ya ja baya har kusurwa, filin ya ɗauki ihu. Abin da ake koya wa dogo a irin wannan wuri sananne ne: ka tsaya a ƙarshen hagunka, ka riƙa tsikarinsa da ita kana auna nisa, ka yi kamar za ka kai sama ka sauke a ciki, naushi biyu ko uku ka zame gefe. Mutumin da ya jigata ba inda za shi, minti biyu suna gabanka. Joshua sai ya shiga da ƙafafu a jere, ƙirji a buɗe, ya sauke damarsa zuwa wajen ƙugu don ya taso da ita ƙarƙashin haɓa. Wannan naushi na kusa ne, sai kana jin numfashin mutum ake kai shi. In ka ɗauko shi daga nesa, tafiyarsa doguwa ce, kuma duk tsawon tafiyar kumatunka na dama a waje yake. Dubois bai yi wata dabara mai zurfi ba, gajeriyar dama ya saki ta miƙe, ta riga isa, nauyin Joshua kilo 114 da rabi yana tahowa ya haɗu da ita. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Haka aka yi da Dillian Whyte a Disambar 2015: ya girgiza shi a turmi na farko, ya shiga neman kisa, hagun Whyte ta sa ƙafarsa rawa a na biyu. Haka da Klitschko: ya kayar da tsohon a farkon turmi na biyar, ya zazzage duk abin da ke jikinsa cikin minti guda, kafin a kaɗa ƙararrawa shi ne a jikin igiya baki buɗe. Haka a Jidda a watan Agustan 2022: a turmi na tara ya sami cikin Usyk, ya bi shi da ruwan naushi, sai a na goma ya fito hannu ya yi nauyi, Usyk ya karɓe wasan daga nan bai sake saki ba. Sau biyar ke nan na lissafa maka. Abin da ya faru sau biyar ba tsautsayi ba ne, hali ne.

Wani abin da ya fi ba ni haushi, in an ji masa ciwo bai iya riƙo ba. Mutane suna raina riƙo, suna cewa tsoro ne, alhali sana'a ce mai ƙa'ida. Ka taka gaba maimakon baya, ka ɗora goshinka a kafaɗarsa, ka zura hannuwanka ta saman nasa ka matse safar hannunsa a hammatarka, ka sakar masa nauyinka. Kafin alƙali ya zo ya raba ku ka sami 'yan daƙiƙoƙi, shi kuma ya ɗauki kilo ɗari da wani abu a wuyansa. Ka yi haka sau huɗu, turmi ya ƙare. In kuma ka faɗi, ka tsaya a gwiwa ɗaya kana kallon kusurwarka har a kai takwas, sannan ka miƙe. Joshua da zarar ya ji zafi sai ya ja da baya a miƙe, haɓa a sama, hannu a ƙasa. Ja da baya a layi ɗaya kuwa shi ne abincin mai jefo dama ta sama, irin wadda Dubois ya kayar da shi da ita a ƙarshen turmi na farko. Tun daga wannan naushi wasan ya lalace.

Ka tuna Samuel Peter, ɗan Akwa Ibom? A 2005 ya kayar da Wladimir Klitschko sau uku a wasa ɗaya, amma Wladimir ne ya ci da maki, alƙalai uku duk 114 da 111. Da me ya ci? Da hagu miƙaƙƙiya da riƙo. Kuma wannan Wladimir ɗin kafin nan an tsayar da shi sau uku, Puritty a 1998, Sanders a 2003, Brewster a 2004, kowa yana faɗin irin maganar da kake faɗi yau a kan Joshua. Kocinsa Emanuel Steward ya zaunar da shi a kan hanya ɗaya: tsikara, dama, riƙo, kada ka yi musayar naushi da kowa. Da wannan ya riƙe kambu daga 2006 har 2015. Lennox Lewis ma McCall ya kwantar da shi a 1994, Rahman a 2001, ya rama duka biyun, kuma Steward ɗin ne a kusurwarsa lokacin ramuwar. Peter kuwa ya ci kambun duniya na hukumar dambe ta WBC a 2008 a hannun Maskaev, wata bakwai kacal ya riƙe, Vitali, yayan Wladimir, ya ƙwace. Mutanenmu sun manta da shi, sai ka ce Joshua ne ɗan Najeriya na farko a ajin masu nauyi.

Abin da Joshua ya rasa ke nan, mutum ɗaya da hanya ɗaya. Koci Rob McCracken yana tare da shi tun yana ɗan wasan sha'awa har zuwa kayen Usyk na farko. Daga nan Robert Garcia wasa ɗaya, Derrick James wasa biyu, Ben Davison wasa uku. Koci huɗu cikin shekara uku. Kowa da inda yake so a ajiye ƙafa, kowa da inda yake so a riƙe hannu. A wurin atisaye duk za su zauna, amma in naushi ya shiga kai, jiki yana komawa ne kan abin da ya fi daɗewa da sani. Wanda aka sauya wa karatu sau uku, a wannan lokacin ba shi da abin komawa.

Af, kafin in manta. Gidan kallon bayan masallaci ya koma hannun ƙanin mai shi, ya sa sola, an huta da jan janareta a tsakiyar wasa, don litar mai ta doshi naira dubu. Mai shayinmu ya ƙara aure, kuma wadda kake zato ce. Liman ya ce duk wanda ya sake kawo masa ƙarar kujerar nan ta gaba zai sa a cire ta gaba ɗaya. Sai kuma abin tausayi, ka ji abin da ya sami Maiduguri tun da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga wata. 'Yan'uwan maiɗakina suna nan wurinmu, ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu. Muna jin an fara sakin ruwan Lagdo ta wajenku. Don Allah ka gaya mini halin da unguwannin bakin Binuwai suke ciki, kuma ka kwashe kayan shagon nan daga ƙasa tun da wuri.

Mu koma kan ƙatonka na banza. Inda zan ba ka gaskiya shi ne maganar jiki, amma ba yadda ka faɗe ta ba. Tsoka mai yawa iska take ci. Ranar Takam, ɗan Duwala, a 2017, Joshua ya hau ma'auni da kilo 115. Ranar ramuwar Ruiz a Diriyya, 7 ga Disambar 2019, ya sauko zuwa 107 da rabi, Ruiz kuma ya haura 128. A daren ya yi turmi goma sha biyu yana zagaye, hagu tana aiki, in Ruiz ya matso ya riƙe shi, alƙalai biyu suka ba shi 118 da 110, ɗaya 119 da 109. Wato ya iya abin da na ce ba ya yi, in ya shigo da shi a shirye kuma ba a girgiza shi ba. Mutane suka ce wasan ba daɗi, suka ce ya zama matsoraci, ina ganin maganar ta shige shi. Gajiyarsa kuma ba daga nauyi kaɗai take ba. Sai da ya shekara 18 ya fara dambe, a wani kulob a Finchley. Wasanninsa na sha'awa wajen arba'in ne, na Usyk sun haura ɗari uku. Wanda ya tashi a cikin abin tun yana yaro kafaɗarsa a sake take, yana numfashi ko ana dukansa. Joshua kafaɗa a ɗaure, kowane naushi da cikakken ƙarfi, yana tunanin mataki kafin ya taka. Wannan ɗaurewar tana shan ƙarfi fiye da gudu.

Ka ga wasansa na farko da Usyk, Satumbar 2021 a filin Tottenham. Usyk bahago ne, ya taso daga ajin da iyakarsa kilo 90 da 'yan kai, ranar ya auna 100, Joshua 109. Tsakanin bahago da na dama, faɗan a ƙafar gaba yake: wanda ya ajiye tasa ta wajen ta ɗan'uwansa shi ke da hanyar kai hannun baya. Usyk ya ci wannan faɗa kusan kowane turmi, kuma hannunsa na gaba bai daina taɓa hagun Joshua ba, yana danne ta, yana kaɗe ta, har tsikarar ta mutu. Maganin irin wannan ɗan wasa shi ne a tare masa hanya, a kai shi igiya, a jingina masa nauyi, a yi ta dukan ciki da kafaɗa har ƙafarsa ta yi sanyi. Joshua ya zaɓi ya gwada ƙwarewa da wanda ya fi shi ƙwarewa. A Jidda ya gyara, ya sauko ciki, alƙali ɗaya ma ya ba shi 115 da 113, amma gyaran bai isa ba. A nan ban ga abin kunya ba, gaba da gabanta. Usyk ɗin nan ne ya doke Fury a watan Mayu ya haɗa kambu huɗu, kuma rabon da a sami wanda ya haɗe ajin masu nauyi tun Lewis a 1999. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne watsar da kambun da ya yi waje da igiya da kuma surutun da ya yi a makirufo bayan wasa. Bai dace da shi ba, kuma daga baya ya amsa cewa zuciya ce ta ɗebe shi.

Game da mutuminku Ngannou, ka yi haƙuri, sai na faɗa. Da ya kayar da Fury a turmi na uku a Oktoban 2023, ka kira ni sau uku a dare ɗaya. A 8 ga Maris kuwa ya sauya tsayuwa zuwa ta bahago gaban mai dama irin ta Joshua, hannu a ƙasa, kai bai motsa ba. Dama ɗaya a turmi na farko, biyu a na biyu, aka kira likita. Namiji ne, kuma tashinsa daga haƙar yashi a Batie zuwa inda ya kai abin girmamawa ne, amma wasansa na biyu ke nan a damben boksin. Wannan nasara ita ta ruɗe mu, har da ni, muka ɗauka Joshua ya warke. Wallin da Helenius da Ngannou babu wanda ya mayar masa da naushi mai zafi a lokacin da ya shigo. Dubois mai shekara 27, wanda ya fito daga yaƙi da Miller da Hrgovic, shi ne na farko da ya yi, sai tsohon ciwon ya tashi.

To ina za a ajiye shi? Ni dai ga lissafina. Zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012, shekara biyar da fara dambe, duk da na yarda wasansa da Savon ɗan Kyuba da na ƙarshe da Cammarelle an yi ta gardama a kan makinsu. Kambun duniya na hukumar IBF a wasansa na 16. Ya doke Klitschko, ko da yake tsohon yana da shekara 41 kuma ya yi wata 17 bai hau fage ba. Ya karɓi kambun hukumar WBO a hannun Parker, ya tsayar da Povetkin da Pulev da Whyte da Takam. Ka jera sunayen waɗanda Wilder ya doke a shekara biyar da ya riƙe kambun WBC, ka cire Ortiz, ka gaya mini wanda ya kai waɗannan. Nasara 28, 25 daga ciki ba a kai ga maki ba. Kuma bai taɓa gudun kowa ba: Usyk hukumar dambe ce ta tilasta masa karawa da shi, yana iya ajiye kambu ɗaya ya kauce masa, bai yi ba, ya kuma koma karo na biyu.

Giɓin da ke tarihinsa Fury da Wilder ne, kuma laifin ba nasa kaɗai ba ne. A 2018 maganar Wilder ta watse a kan kuɗi da wurin wasa. A 2021 an kusa gamawa da Fury, sai mai sasanci a Amurka ya yanke cewa dole Fury ya yi karo na uku da Wilder. A Disambar bara an shirya shi da Wilder, sai Parker ya doke Wilder a daren da Joshua ya doke Wallin. Duk da haka ba a rubuta uzuri a tarihi, sunayen da ka doke ake rubutawa. Don haka ba na sa shi layin Ali da Lewis, kuma a zamaninsa Usyk yana gabansa babu tantama. Amma zakara ne na gaske sau biyu, wanda ya dawo da ajin masu nauyi filin ƙwallo mai cin mutum dubu 90 bayan shekarun da ake kallonsa ana hamma. Tutar Birtaniya yake ɗauka, wannan gaskiya ne, sai dai bai taɓa ɓoye Shagamu ba, taswirar Afirka tana kafaɗarsa da Najeriya a zane, kuma ka ga yadda ya kwanta ya gaida Buhari a Landan a 2020 da kambunansa a gaba, gaisuwar Yarabawa sak.

Abin da nake tsoro yanzu shi ne a ruɗe shi ya nemi Dubois nan da 'yan watanni. Wata mai kamawa zai cika 35. Faɗuwa huɗu a dare ɗaya tana bukatar hutu mai tsawo da gwajin ƙwaƙwalwa, ba komawa sansani ba. In zai dawo, ya sauko ƙasa da kilo 110, ya zauna da koci ɗaya, a sa masa abokan atisaye masu jefo dama ta sama, a hana shi taso da naushin ƙasa sai goshinsa ya taɓa kafaɗar mutum. In ba zai yi wannan ba, gara ya jira Fury su yi ɗaya ya ajiye safar, yana da lafiyarsa da bakinsa.

Ɗaurin auren ƙanwarmu ranar Asabar ne, biyu ga watan Nuwamba, bayan azahar, a gidan Baba. In za ka biyo ta Yola ka taho mini da busasshen kifin nan irin na bara, kwali ɗaya, a naɗe shi da kyau don wancan rabinsa ya farfashe a mota. Ka gaida maiɗakinka da yara, ka ce wa babban ya rubuto mini da hannunsa in ga ko rubutun ya gyaru.

Wassalam,
Naka na Fagge